Ba Kowace Shanyewa Ce Shan Inna Ba

Duk wanda ya san ƙasar nan da ta shimfiɗu daga Ƙanƙara, ta ratsa Faskari, har ta dangana da Sabuwa, wato kudancin Jihar Katsina inda ta yi iyaka da Zamfara ta yamma da ƙasar Birnin Gwari ta kudu, zai shaida cewa a shekarun nan babu wata cuta da hukuma ta bi gida-gida tana farautarta kamar shan inna. An sa dagatai da masu unguwanni cikin aikin, an jawo ungozomomi da masu ɗori da masu kemis, aka ce da su duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda aka ga ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba. Shi kuwa jami'in sai ya ɗaura akwatin sanyi a bayan babur, ya je ya karɓi bayan-gidan yaron sau biyu, tsakaninsu aƙalla kwana guda, tun ciwon bai wuce kwana 14 ba, ya rufe kowanne cikin 'yar roba mai lamba, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Da wannan naci, da kuma ɗigon rigakafi, Allah Ya kawo mu ranar 25 ga Agusta 2020, ranar da aka shelanta cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a nahiyar Afirka, shekara huɗu bayan ganin na ƙarshe da ta kama a Borno. Akwai dai wani nau'i nata da har yanzu yake ɓulla a inda rigakafi bai wadaci yara ba, Katsina na ciki, shi ya sa babur ɗin nan bai daina zirga-zirga ba.

Amma akwai wata mas'ala da ta ɓuya a ƙarƙashin wannan nasara, wadda ba a cika tayar da ita ba, ko a majalisa ko a rediyo. Mafi yawan yaran da ake karɓar bayan-gidansu, idan sakamako ya dawo, sai a tarar babu ƙwayar shan inna a cikinsu ko kaɗan. Sai a rubuta haka a takarda, a rufe fayil, a yi hamdala, alhali kuwa yaron yana nan kwance bisa tabarma a ɗakin uwarsa, ƙafafunsa ba su motsi. Bal ma dai tsarin sa-idon kansa a kan waɗannan yara aka gina shi, domin masana sun san cewa ko a ƙasar da babu shan inna sam, ba a rasa kimanin yaro ɗaya cikin kowane 100,000 da zai shanye a shekara saboda wani sababi dabam. Don haka suka yanke cewa yankin da ba ya kawo rahoton irinsu, idon masu aikinsa ne a rufe, har ma a ƙasashe irin tamu aka ɗaga ma'aunin zuwa biyu ko fiye. Sabuban suna da yawa. Akwai allurar da aka yi a ɗuwawu ta taɓa jijiya, akwai tarin fuka na ƙashin baya, akwai dafin mashaƙo da ke kama jijiya makonni bayan maƙogwaro ya warke, kamar yadda aka gani bayan annobar da ta taso daga Kano a ƙarshen 2022. Sai dai babba a cikinsu a faɗin duniya ita ce cutar da likitoci ke kira da sunan Guillain da Barré, kuma ba ta tsaya ga yara ba, har ta fi kama manya.

Ga yadda takan zo. Yaro ya yi zawo da ciwon ciki a tsakiyar damina, ko kuwa mura da tari, ya warke sarai har ya koma bin ubansa gonar masara. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya fara cewa tafin ƙafarsa yana tsikararsa yana sagewa, gadon bayansa da cinyoyinsa suna ciwo. Washegari silifa ya riƙa suɓuce masa bai sani ba. Jibi ya tsuguna ya kasa miƙewa sai an kama shi. Ƙafa biyun tare suke mutuwa, dama da hagu daidai wa daida, kuma raunin hawa yake yi, daga ƙafa zuwa cinya, daga cinya zuwa hannuwa, wani lokaci har ya kai fuska, ido ya kasa rufuwa, ruwa ya riƙa sarƙe shi, duk kuwa babu zazzaɓi. Shan inna ita da zazzaɓi take shigowa, ta fi kama ɓangare ɗaya fiye da ɗan'uwansa, kuma abin da ta ci galibi ba ya dawowa. Idan aka yi sa'a aka kai ga likita, sai ya zaunar da yaron a bakin gado ƙafafunsa na reto, ya ɗauki 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ƙafar mai lafiya zabura take yi, wannan kuwa ko gezau.

Wani likitan Faransa mai suna Landry ne ya fara siffanta wannan shanyewa mai hawa a 1859. Sa'an nan a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitoci uku, Guillain da Barré da Strohl, suka duba sojoji biyu da suka shanye ba tare da rauni ba, suka ɗebi ruwan lakarsu da allura, suka tarar furotin ya yi yawa a cikinsa amma fararen ƙwayoyin jini ba su ƙaru ba, saɓanin abin da ake gani a sanƙarau da shan inna. Har yau da wannan alama ake kafa hujja. Abin da ya gagare su, ya kuma gagari na bayansu shekaru masu yawa, shi ne gano mai laifin, domin duk binciken da aka yi ba a sami wata ƙwayar cuta a cikin jijiyar ba.

Kafin a fahimci amsar, wajibi ne a san yadda Mahalicci Ya tsara jijiyar da ke ɗaukar saƙo daga laka zuwa tsoka. Manomin Daudawa ko Pauwa ya san karan dawa: akwai totuwa a ciki, akwai ɓawo da ya lulluɓe ta, akwai kuma gaɓoɓi a jere. To, kowane zaren jijiya haka yake, sai dai ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Totuwar ita ce ke ɗauke da saƙon. Ɓawon wani mai ne da furotin da ake kira mayelin, wanda aka naɗa mata ninki bisa ninki. A kan kowace gaɓa kuwa ɓawon yakan yanke ya bar ɗan fili, kuma daga wannan gaɓa zuwa waccan ne saƙon ke tsalle, har ya yi tafiyar mita hamsin ko fiye cikin daƙiƙa guda. Idan aka ɓare ɓawon, saƙo ya yi jinkiri ko ya tsaya. Idan aka lalata gaɓar, ya kasa tsallakewa. Idan kuwa totuwar ce ta karye, sai an jira ta sake tsiro, abin da ba ya wuce kamar milimita ɗaya a yini.

Garkuwar jiki kuma reshe biyu gare ta waɗanda suka shafi bahasinmu. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu zuwa da kansu inda ake rigima, daga cikinsu akwai limfosait na jinsin T, da kuma manyan nan masu haɗiye duk abin da aka yi wa alama, waɗanda ake kira makrofej. Akwai kuma sinadaran da ake kira antibodi, waɗanda limfosait na jinsin B ke ƙerawa su saki cikin jini, kowanne da siffar abin da aka ƙera shi don ya kama. Tahƙiƙin da aka kai gare shi shi ne cewa a cutar Guillain da Barré waɗannan ne ke juyawa su far wa jijiyar mai su. Amma ba salo guda suke bi ba, kuma a nan ne ilmin ya yi zurfi, a nan ne kuma ya fi amfani ga majinyaci.

Salo na farko daga ƙauyukan arewacin Sin aka fahimce shi, ƙauyukan da suka yi kama da namu ta fuskoki da yawa. A farkon shekarun 1990 likitocin Sin da na Amurka suka lura cewa duk lokacin zafi da ruwan sama asibitocin lardin Hebei kan cika da yaran manoma da suka shanye, har aka fara zaton wata sabuwar shan inna ce. Da aka duba jijiyoyin waɗanda suka rasu, sai aka tarar ɓawon yana nan kusan lafiya lau, limfosait kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai. Abin da aka gani shi ne antibodi sun manne a kan gaɓoɓin, sun jawo wani jerin sinadaran jini masu huda fatar ƙwayar halitta, sa'an nan makrofej sun kutsa ta gaɓar sun shige tsakanin ɓawo da totuwa. A wannan zamanin ne kuma wani likitan Japan, Nobuhiro Yuki, ya bi diddigin asalin waɗannan antibodi har ya kai ga wata ƙwayar cuta mai sa zawo, Kamfilobakta, wadda ke zaune a hanjin kaji ba ta cutar da su, ana kuma samunta a danyar madara da gurɓataccen ruwa. A jikin wasu nau'o'inta akwai wani sukari mai siffa ɗaya da wanda ke kan gaɓar jijiyar ɗan Adam. Jiki ya ƙera makami don ya kashe mai sa shi zawo, ya kuwa kashe ta, amma makamin bai iya rarrabe baƙo da ɗan gida ba. Kimanin mutum ɗaya cikin dubu na waɗanda ta kama, ko ƙasa da haka, shi ne wannan ke faɗa wa. Duk da haka, idan ƙwayar ta yaɗu cikin jama'a sai abin ya zama annoba, kamar yadda ya sa gwamnatin Peru ta kafa dokar ta-ɓaci kan lafiya a Yulin 2023, kuma kamar yadda ya auku a birnin Pune na Indiya a farkon 2025. Wanda ya san tsakar gidajenmu a watan Agusta, inda kaji ke kiwo a wurin da jariri ke rarrafe, rijiya kuma ba murfi ruwan sama yana gangara mata, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

Salo na biyu, wanda ya fi yawa a Turai da Amurka, ɓawon ne da kansa ake ci. Tun 1969 masana a Boston suka nuna cewa jijiyoyin irin waɗannan majinyata cike suke da limfosait, an kuma gano cewa makrofej suna zura yatsunsu cikin mayelin suna ɓare shi ninki bayan ninki su bar totuwar tsirara. An shekara da shekaru ana saɓani kan ko antibodi ne ke jagora ko kuwa limfosait, har a farkon 2024 wasu masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Daniela Latorre, suka ware daga jinin majinyata da ruwan lakarsu limfosait na jinsin T waɗanda suke gane furotin ɗin mayelin su far masa, kuma ba su same su ba ga masu salon farko. Ke nan suna ɗaya ne likita ke rubutawa a kati, amma abin da ke gudana cikin jijiya iri biyu ne.

Akwai kuma 'yar'uwar cutar Guillain da Barré mai jan lokaci, wadda rauninta ke ci gaba fiye da mako takwas, ko ya riƙa tafiya yana dawowa shekara da shekaru. A cikin masu wannan ne aka gano, daga 2013 zuwa gaba, musamman ta hannun Luis Querol da abokan aikinsa a Basalona, wasu 'yan tsiraru da antibodinsu ke kama furotin ɗin da ke manne bakin ɓawo da totuwa a gefen gaɓa. Galibin waɗannan antibodi na wani jinsi ne da ba ya kiran makrofej, ba ya kuma tayar da sinadaran nan masu hudawa. Cire mannin kawai yake yi a hankali, shi ya sa idan aka yanko jijiyar aka duba sai a gan ta shiru babu kumburi, mai ita kuwa yana rawar hannu yana tangaɗi. Maganin da ke yi wa sauran aiki bai cika yi musu ba, sai wanda ke rage limfosait na jinsin B, wato rituximab, kuma a 2021 ƙungiyoyin likitocin jijiya suka ware su suka ba su babinsu dabam. Mu a ƙasar Hausa mun daɗe muna ganin irin wannan bambanci na aikin limfosait da antibodi da idonmu a kuturta, tun zamanin da ake kai masu ita Babbar Ruga kusa da birnin Katsina: ƙwayar cuta ɗaya ce, amma wanda limfosait ɗinsa na jinsin T suka yi ƙarfi sai ya tsaya ga tabo ɗaya ko biyu, ko da yake faɗan nasu yakan lalata jijiyar da ke kusa, wanda kuwa nasa suka yi sanyi sai ƙwayar ta watsu a jikinsa, jininsa cike da antibodin da ba su tsinana masa kome.

Fa'idar wannan ilmi ta farko ga mai kemis da ma'aikacin ƙaramin asibiti ita ce su san cewa prednisolone da dexamethasone, waɗanda hannu ke saurin kai wa ga duk wanda ya shanye, an jarraba irinsu a kan cutar Guillain da Barré an tabbatar ba su da amfani, alhali kuwa suna yi wa mai jan lokacin aiki sosai. Magani biyu ne aka tabbatar. Ɗaya shi ne a tace jinin majinyaci da na'ura a fitar da ruwansa mai ɗauke da miyagun antibodi, abin da aka tabbatar a shekarun 1980. Ɗayan, wanda likitocin Holan suka nuna ya yi daidai da na farkon a 1992, shi ne a ɗura masa antibodin da aka tattara daga jinin dubban masu lafiya, giram biyu ga kowane kilo na nauyinsa, a raba cikin kwana biyar. Yaro mai kilo 25 zai ci giram 50, magidanci mai kilo 60 zai ci giram 120, kuma kuɗin wannan miliyoyin naira ne, abin da ya fi ƙarfin amfanin gonar shekara na yawancin manoman Damari ko Ruwan Godiya. Mutanen Bangladesh, da suke cikin irin wannan ƙunci, ba su naɗe hannu ba. Likitocinsu a Dhaka sun jarraba hanyar ɗibar jini kaɗan-kaɗan cikin jaka, a bar shi ya kwanta, a zubar da ruwan a mayar da ƙwayoyin, ba tare da na'ura mai tsada ba, suka kuma nuna a 2018 cewa ana iya yin haka lafiya. A ganina wannan abu ne da ya dace asibitocin koyarwarmu su duba da idon basira.

Sai dai abin da ya fi ceton rai a wannan cuta ba a kwalba yake ba. Ita ba ta wuce mako huɗu tana hawa, galibi ma mako biyu, sa'an nan ta tsaya, sa'an nan ta fara sauka; mafi yawan masu ita suna komawa su yi tafiya da ƙafarsu, yara ma sun fi saurin murmurewa, ko da yake kusan ɗaya cikin biyar ba ya iya tafiya shi kaɗai bayan wata shida. Hatsarin yana cikin makonnin farko, domin kusan ɗaya cikin huɗu raunin yakan kai ga tsokar numfashi, har sai an sa masa na'ura ta yi numfashi a madadinsa kafin jijiya ta farfaɗo. Gane wanda ke kan hanyar wannan ba ya bukatar kayan aiki. A ce da majinyaci ya ja numfashi iyakar iyawarsa ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba tare da ya sake ja ba. Idan ya kasa kai wa ashirin, ko ya kasa ɗaga kansa daga matashi, ko muryarsa ta fara fita ta hanci, ko kunu ya fara sarƙe shi, to, kada a bari rana ta faɗi yana gida. Wanda kuma yake kwance, a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu don kada jikinsa ya yi gyambo, a riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi ana miƙewa kullum don kada su ƙage, a zaunar da shi kafin a ba shi abinci, kada a ɗura masa rubutu ko jiƙo yana rigingine. Ba na ganin laifin uwar da ta fara kai ɗanta wurin malam ko mai magani tana zaton iska ce ta taɓa shi, domin abin yana zuwa ne babu zazzaɓi babu rauni. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya asibiti, ana yin ta a cikin mota ma.

Tafiyar ce abin wuya a wannan yanki. Na'urar numfashi sai manyan asibitoci, irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtua zuwa Zariya, ko na tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano. Kuma ƙasar da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, ƙasar da aka rufe wa layukan waya a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, ba ƙasa ce da ake fita da majinyaci da tsakar dare ba. Shi ya sa gane cutar da wuri ya fi muhimmanci a Sabuwa fiye da a Landan, domin a nan sai an ƙidaya dare guda na jiran gari ya waye.

A duniya cutar tana kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin kowane 100,000 a shekara. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa jimillar mutane fiye da rabin miliyan, kuma ko da wannan tsohon lissafi aka yi aiki, ya kamata a sa ran mutum biyar zuwa goma duk shekara. Tun 1973 marigayi Farfesa Osuntokun na Ibadan ya wallafa bincike kan yadda cutar ke ƙarewa ga 'yan Nijeriya, amma duk abin da muka ambata na salon limfosait da antibodi a jikin mutanen Turai da Amurka da Asiya aka gano shi. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan babu mai tsayuwa da su a gari laifin yana kan kowa, kuma ina ganin wannan hukunci ya hau kan jami'o'inmu na Katsina da Zariya da Kano. Hanya kuwa a buɗe take, tun da yake an riga an horar da jami'an sa-ido, an riga an san gidan kowane yaro da ya shanye. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da wakilan wannan yanki shi ne su shar'anta cewa duk yaron da aka karɓi bayan-gidansa, a ƙwanƙwasa gwiwarsa a kuma auna numfashinsa a wannan ranar, a tanadi motar da za ta kai shi Funtua ko Shika idan alamar hatsari ta bayyana, kuma kada a rufe fayil ɗinsa sai an rubuta sunan abin da ya shanye shi.